Aikin gida na ɗaliban kolej da lise a Yamai

Aikin gida, a fagen ilimi, shi ne duk karatu ko rubutun da malami ya ɗora wa ɗalibi ya yi bayan an tashi daga makaranta. A Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, ɗalibai ba su cika kiransa da wannan suna ba, domin in aka ce wa yarinya "aikin gida", shara da wanke-wanke ne za su fara faɗo mata a rai. Abin da suke cewa shi ne egzarsis, kalmar da aka aro daga Faransanci. Akwai kuma debuwar, wadda ke rikita baƙo: a bakin ɗan lise, wato babbar sakandare, debuwar galibi gwaji ne da ake yi cikin aji, malami na tsaye yana sa ido, a ba da maki bisa 20. Wanda ake tafiya da shi gida sai an bambanta shi an ce debuwar na gida.

Tsarin karatun

Sakandare a Nijar hawa biyu ce. Bayan shekara 6 na firamare, yaro yana yin shekara 4 a kolej, ya rufe da jarrabawar BEPC, wadda ake kira birbe. Daga nan sai shekara 3 a lise, inda ake raba ɗalibai: sashen A na adabi da harsuna da falsafa, sashen C na lissafi da kimiyyar fizik, sashen D na kimiyyar halittu. Ajin ƙarshe shi ne tarminal, kuma a ƙarshensa ake zana bak, wadda ita ce ƙofar shiga Jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'in ƙasar. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, jarrabawa kuma tana faɗowa wajen Yuni da Yuli. Daga cikin sanannun makarantun birnin akwai Lise Issa Korombe da Lise Kasai da Lise Mariyama.

Wannan tsari shi ke raba nauyin karatun gida. Ɗan ajin farko na lise yana iya tafiya da ƙafa ɗaya har debuwar ta matso. Ɗan tarminal da ɗan ajin birbe ba su da wannan sararin.

Awa nawa ake yi a wasu ƙasashe

Alƙaluman da aka fi ambata a duniya sun fito ne daga binciken PISA na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, wanda ke auna ɗalibai masu shekara 15. A zagayen 2012, ɗaliban ƙasashen ƙungiyar sun ce suna ba aikin gida kusan awa 5 a mako, wato ƙasa da na 2003 da kimanin awa guda. Ɗaliban Shanghai ta ƙasar Sin sun doshi awa 14, na Rasha sun kusa 10, na Amurka kimanin 6, na Finlan da Koriya ta Kudu kuwa ba su cika 3 ba, alhali dukansu biyu suna sahun gaba a sakamako. Binciken ya nuna cewa in aka wuce awa 4 a mako, ƙarin lokacin ba ya ƙara wani abin kirki a maki.

A Amurka akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da Harris Cooper na Jami'ar Duke: minti 10 a kowane dare ga kowace shekarar karatu. In aka auna ɗan tarminal da ita, tunda yana shekararsa ta 13, zai tashi da awa 2 da minti 10. Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin makarantarta, ta haramta rubutaccen aikin gida a firamare tun 1956, kodayake malamai da iyaye sun daɗe suna yi wa dokar kunnen uwar shegu. Sin kuma a 2021 ta ƙayyade wa ƴan ƙaramar sakandare minti 90 a rana.

Nijar ba ta cikin PISA. Binciken PASEC na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wanda ta shiga a 2014 da 2019, na firamare ne. Ko da an kawo tambayar PISA Yamai, da wuya ta kama gaskiyar lamarin, domin tana tambayar abin da malami ya bayar ne, a nan kuwa mafi yawan karatun dare ba malami ne ya bayar da shi ba.

Yadda ake yinsa

Karatun gidan kashi uku ne. Kashi na farko hadda ce. Littattafai ba su wadata ba, saboda haka malami yana rubuta darasi a allo ko ya yi shifta, ɗalibi ya kwafe a kaye, wato littafin rubutu, kayen nan ya zama littafinsa. Da dare sai a bi shi layi-layi, musamman tarihi da labarin ƙasa da kimiyyar halittu. Wanda ya taso a makarantar allo ba baƙo ba ne ga wannan: yana kai da komowa a tsakar gida, kaye a hannu, baki na motsi kamar mai tilawa.

Kashi na biyu shi ne egzarsis ɗin da malami ya bayar. Shi ne mafi ƙanƙanta, kuma dalilin a fili yake. Malamin da ke riƙe da azuzuwa da yawa, kowane aji cike maƙil, ba zai iya kwasar takardun kowa ya duba kowane mako ba. Sai ya kira mutum ɗaya ya fito allo ya warware, saura su gyara nasu. Wanda bai yi ba yakan kwafe na abokinsa da safe kafin a shiga aji.

Kashi na uku shi ne ke cin lokaci, wato aikin tablo, karatun da ake yi a gaban allon unguwa. A unguwanni irin su Bukoki da Wadata da Talaje, mai wucewa da dare zai ga baƙin allo jingine da bango, ko an shafe wani gefen katanga da baƙin fenti, ga ƙwan lantarki an jawo daga zaure. Samari huɗu ko biyar ne a kan benci, ɗaya na tsaye da alli yana warware tambayar bak ta wata shekarar baya, saura na jiran ya yi tuntuɓe. "Kai, ka manta alamar ragi!" Sai a goge da tsumma a sake. Gefe guda shayi na tafasa a kan gawayi, don sau da yawa ƴan fada ɗaya ne, wato majalisar samari, suka mayar da wurin hirarsu aji. Ba mai ba su maki, ba mai kiran suna, amma ƴan sashen C da D da yawa a nan suke koyon abin da ya shige musu duhu da rana. Masu hali suna ƙarawa da malamin gida da ake biya duk wata, ko darasin yamma da na ƙarshen mako.

Wayar hannu ta shigo cikin lamarin. Ana tura hoton darasi da tsofaffin tambayoyi ta WhatsApp, ana kuma tura amsoshin, wanda ba duka ne alheri ba.

Abin da ke cinye lokacin

Na farko wutar lantarki ce. Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan lantarkinta daga Najeriya, kuma da aka katse layin a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a farkon 2024 aka maido shi. Ko ba wannan ba, ɗaukewar wuta ta fi tsanani a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma daidai lokacin ne ake bitar jarrabawa. Ɗaki ba ya zaunuwa, sai a fito da tabarma waje, a koma ga tocila ko hasken waya ko fitilar bakin titi.

Sai bambancin mace da namiji, wanda ya fi kowane girma. Yarinya ta dawo daga makaranta, girki na jiranta, ga wanke-wanke, ga ƙanne, wataƙila ga Islamiyya da la'asar. Ba za ta buɗe kaye ba sai bayan isha'i, a gajiye, kuma ba kowane uba ne zai bar ta ta fita tablo da dare ba. Shi ya sa ƴan mata da yawa suka mayar da karatunsu bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Ɗalibin da ya zo daga ƙauye yana zaune gidan dangi shi ma haka: aiken masu gida ne farko, karatunsa na biye.

Yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, yana da nasa tasirin. In an yi asarar makonni, manhaja ba ta ƙarewa a aji, ragowar sai ta koma kan ɗalibi, domin masu tsara tambayoyin bak ba ruwansu da inda malamin wani ya tsaya. A irin wannan shekara, daga Mayu zuwa ranar jarrabawa, ana iya tarar da allon unguwa da mutane a gabansa har bayan sha biyun dare.