Sashe na 10 na yarjejeniyar Maputo: bin sawun kuɗin 'yan bangar siyasa

Ɗan bangar siyasa ba ya fita aiki kyauta. Akwai wanda ya ɗauko masa mota, ya saya masa ƙwaya da makami, ya kuma yi masa alkawarin beli idan an kama shi. A ƙasashe masu tasowa da yawa, wannan kuɗi daga baitulmali yake fitowa, ta hanyar kwangilar da aka kumbura ko aikin da aka biya ba a yi ba. Wanda ya wawuri dukiyar jama'a ya san faɗuwa zaɓe na iya kai shi kotu, shi ya sa yake riƙe kujera ko da za a zubar da jini.

Nan ne yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan yaƙi da cin hanci da rashawa ta sa hannu. An amince da ita a Maputo, babban birnin Mozambik, a 2003, ta fara aiki a 2006. Sashe na 10 gajere ne, abu biyu ya ɗora wa duk ƙasar da ta shiga: ta haramta amfani da kuɗin haram ko na almundahana wajen ɗaukar nauyin jam'iyya, ta kuma tilasta a riƙa bayyana inda kuɗin jam'iyyu ke fitowa. Wato idan minista ya karkatar da kuɗin asibiti zuwa asusun yaƙin neman zaɓe, bayan laifin satar, shigar da kuɗin cikin jam'iyya ma laifi ne mai zaman kansa.

A ganina wannan sashe ya fi na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarfi. Yarjejeniyarta ta 2003, a sashe na 7, cewa kawai ta yi ƙasashe su duba yiwuwar bayyana kuɗin 'yan takara da jam'iyyu. Ta Maputo umarni ta bayar.

Kenya ta nuna abin da ake gudu. Bayan zaɓen Disamban 2007 an kashe mutum fiye da 1,000, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Kwamitin bincike na mai shari'a Philip Waki ya gano cewa an shirya wani ɓangare na tarzomar, kuma 'yan siyasa da 'yan kasuwa suna cikin waɗanda suka zuba kuɗi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yarjejeniyar ba ta kama kowa da kanta. Sai majalisar kowace ƙasa ta mayar da ita doka, kuma masu yin dokar su ne dai waɗanda ake son a leƙa aljihunsu. Hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar, mai mambobi 11 da ofis a Arusha ta Tanzaniya, rahoto take karɓa ta ba da shawara, ba ta da ikon gurfanar da kowa gaban alƙali.