Bekin soda da jar kanwa ba maganin ƙwannafi na kullum ba ne

Iyaye da 'yan uwa mazauna Kaduna, akwai abin da muke yawan gani a wajen aiki da ke tayar mini da hankali. Mutum ya ci tuwon dare, ƙwannafi ya taso masa, sai ya dama bekin soda ko ya jiƙa jar kanwa ya shanye. Ya yi gyatsa, zafin ya lafa. Gobe ma haka, har a kwashe watanni.

Ba na musun tana kwantar da zafin nan take. Matsalar ita ce sinadarin sodiyam da ke cikinta, wanda shi ne ke sa gishiri ya tayar da hawan jini. Cokalin shayi ɗaya na bekin soda yana ɗauke da sama da miligiram 1,200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini. Ga gishirin miya, ga dunƙule! Jiki sai ya riƙe ruwa, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, zuciya da ƙoda su jigata. In abin ya daɗe, sinadaran jini kan rikice, a fara jin kasala, ɗaurewar nama da bugun zuciya ba bisa tsari ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa. Don haka mai ciki, mai jego, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, don Allah kada ku sha sai da izinin likita. Yara kuwa kada a ba su sam.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye cuta da take yi. Sau da yawa gyambon ciki ne ke ci a ƙasa, wanda wata ƙwayar cuta ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke haddasawa. Yana da magani, amma sai an gano shi.

In ƙwannafi ya wuce mako 2, a je asibiti mafi kusa. Wanda ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama, ko abinci na tsaya masa a wuya, kada ya jira gobe, ya nufi Barau Dikko ko wani babban asibiti, kuma ya faɗa wa likita tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha.