Yadda Jiki Ke Gane Baƙon RNA

Masu mura kan zo asibiti da zazzaɓi, gaɓoɓi duk sun yi tsami, suna cewa cutar ta kayar da su. Galibin wannan wahalar daga garkuwar jiki take, wadda ta ji motsin baƙo ta tashi.

Kusan kowace ƙwayar halittarmu cike take da RNA, saƙon da ake kwafowa daga DNA don ƙera furotin. Bairas ɗin mura, ƙyanda, shan inna da korona su ma RNA suke ɗauke da shi. To yaya ake gane na gida?

Saƙon namu da hula yake fitowa, wato wani sinadari da ke rufe bakinsa, tamkar hatimi. Akwai wani mai gadi da aka haife mu da shi, furotin mai suna RIG-I, wanda ke cafke RNA mai sinadarin fosfat uku a bakinsa a tsirara, ba hula. Ɗan'uwansa MDA5 dogon RNA mai zare biyu a tufke yake farauta, irin wanda ke samuwa idan bairas na hayayyafa. Da sun kama, sai ƙwayar ta saki intaferon, sinadarin da aka gano a 1957, maƙwabtanta su ɗaura ɗamara. Nan zazzaɓi da kasala ke samo asali. Bairas ɗin mura ma ba ƙyalle ba ne, hular namu yake sacewa ya sanya wa nasa.

Mai gadi na iya cizon ɗan gida. Namu RNA ma yakan tufke biyu, sai wani furotin, ADAR1, ya gyara shi kada MDA5 ya ɗauke shi baƙo. Idan wannan gyara ya gaza, ana samun cutar Aicardi-Goutières mai taɓa ƙwaƙwalwar jarirai.

A 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman suka nuna cewa sauya wasu tubalan RNA na kwantar da hankalin masu gadi irin waɗannan. A kan haka aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna, Karikó da Weissman kuma suka sami kyautar Nobel a 2023. Duk da haka, tsamin hannu ko zazzaɓin kwana ɗaya zuwa biyu bayan allura ba abin tsoro ba ne.

Antibiyotik ba ya kashe bairas, kada a sha shi don mura. A huta, a sha ruwa sosai. Idan zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.