Ƙarancin Oksijin da Taruwar Kitse a Bangon Jijiyar Jini

Ƙarancin oksijin a bangon jijiya yanayi ne da ke tattare da cutar taurin jijiyoyin jini, inda kitse da kolestarol suke daskarewa a bangon jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya. Jini mai oksijin yana wucewa ta jijiyar dare da rana, amma tsakiyar daskararren kitsen ba ta samun rabonta, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dalili kuwa, oksijin ba ya ratsa nama fiye da milimita 0.1 zuwa 0.2 daga inda jini yake. Da bango ya yi kauri, tsakiyarsa ta yi nisa da jinin cikin jijiya, ta kuma yi nisa da ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bangon ta waje. Sannan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda suke tururuwa wurin don kwashe kitsen, su ma masu cin oksijin ne sosai.

Ƙwayar halitta tana gane halin da take ciki ta wani furotin mai suna HIF-1α. Idan oksijin ya wadata, ana yi wa furotin ɗin alama a wargaza shi cikin 'yan mintoci. Idan oksijin ya yi ƙaranci, sai furotin ɗin ya taru ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Gano wannan tsari ne ya sa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka sami lambar Nobel ta likitanci a 2019.

A nan ne lamarin kitse yake rikicewa. Ƙona kitse don samun kuzari sai da oksijin, saboda haka idan oksijin ya yi ƙaranci makrofaj yakan koma cin sukari, kitsen da ya haɗiya kuma ya zauna a cikinsa ɗigo-ɗigo. Furotin PLIN2 yana lulluɓe ɗigon, wani furotin mai suna HILPDA kuma yana hana sinadarin da ke narkar da kitsen aiki. Bincike a kan makrofaj na ɓeraye ya nuna cewa fitar da kolestarol daga cikin ƙwayar ta wata ƙofa ta furotin mai suna ABCA1 ma tana raguwa. A madubin likita, ƙwayar takan kumbura da fararen ɗigogi kamar kumfar sabulu, shi ya sa ake ce mata ƙwayar kumfa. Idan ta mutu, abin da ke cikinta ya zube a tsakiyar daskararren kitsen.

HIF-1α yana kuma sa a saki VEGF, sinadarin da ke tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyi don kawo oksijin. Sai dai gyara ne mai kama da gyaran gangar auzinawa: jijiyoyin ba su da ƙwari, suna yoyo, fatar jajayen ƙwayoyin jinin da suka zuba kuma cike take da kolestarol. Daskararren kitsen da ya kai wannan matsayi ya fi saurin fashewa, jini ya gudaje a wurin ya toshe hanya. Idan a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan; idan a jijiyar wuya ne, gudan kan tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.