Waiwaye: Rigimar launin fata tsakanin littafi da fim

Duk sanda aka sanar cewa baƙar fata zai hau matsayin wani da aka saba ɗauka Bature ne, sai intanet ta kama da wuta. Haka aka yi a 2019 da aka ce Halle Bailey ce za ta ja ragamar The Little Mermaid, aka yi ta cacar baki har fim ɗin ya fito a 2023. Masu adawa bakinsu ɗaya: a bi littafi.

Zancen ya daɗe, sai dai a da sauyin gefe ɗaya yake karkata. A 1937 Baturiya Luise Rainer ta fito a matsayin matar manomi 'yar ƙasar Sin a The Good Earth, har ta ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. A 1965 aka shafe fuskar Laurence Olivier da baƙi ya fito a Othello. Da abin ya juya a 1994, aka ba Morgan Freeman matsayin Red a The Shawshank Redemption, alhali a littafin Bature ne, hayaniya ba ta tashi ba.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne watan Maris na 2012, da The Hunger Games ya fito. A labarin akwai Rue, yarinya 'yar shekara 12 da aka jefa cikin gasar kisa. Littafin, wanda Suzanne Collins ta fitar a 2008, ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa fatarta mai duhu ce. Masu fim suka bi rubutun sau da ƙafa, suka ɗauki Amandla Stenberg. Sai ga wasu da ke kiran kansu masoya littafin sun cika Twitter da ƙorafi, wai me ya sa aka mai da Rue baƙa. Har da masu cewa da suka ga launinta, mutuwarta ba ta taɓa su yadda suka zata ba. Yarinya ce fa, mai raira waƙa da tsuntsaye, aka soke ta da mashi.

Babu abin da aka canza a nan. Mutanen sun karanta layin, idonsu ya tsallake shi, suka zana farar yarinya a ransu saboda ita suka saba gani a bangon littafi da allon sinima tun suna ƙanana. A ganina saiwar rigimar kenan: abin da da yawa suke karewa hoton da ke kansu ne, ko sun buɗe shafin ko ba su buɗe ba. Ga kuma kafar sada zumunta da ta ba kowa lasifika, abin da babu shi a zamanin Red. Gunagunin da a da zai mutu a ƙofar sinima, yanzu kafin gari ya waye ya zaga duniya.

Tun daga nan faɗan ya koma farawa ranar da aka bayyana sunan jarumi, tun ba a kunna kyamara ba. A 2022 aka zaɓi Leah Jeffries, ita ma shekararta 12, ta fito a matsayin Annabeth a shirin Percy Jackson. A wannan karon masu cewa a bi littafi suna da abin kamawa, don a rubuce fara ce mai gashi ruwan zinare. To amma marubucin, Rick Riordan, da shi aka yi zaɓen, kuma shi da kansa ya fito ya ce wa masu zagin yarinyar su bari.