Lemar kwaɗi mai sa maye: abin da take yi wa ƙwaƙwalwa

Shekaranjiya da la'asar na tsaya a wata fada nan Tawa, shayi na kan wuta, sai wani saurayi ya miƙo mini salularsa. "Malam, kai da ke aikin likita, dubi wannan. Wai Turawa sun gano lemar kwaɗi tana maganin damuwa." Na kalli bidiyon har ƙarshe. Ba ƙarya ya yi ba, rabin zancen ya faɗa.

Cikin dubban ire-iren lemar kwaɗi, wasu na ɗauke da sinadarin silosaibin, wanda wani masanin kimiyya, Albert Hofmann, ya fara tacewa a Suwizalan a 1958. In ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya zama silosin, mai kama da sirotonin, ɗan aiken da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo da shi. Saboda kamannin nan yake zama a gurbinsa, kamar makullin wani gida da ya buɗe ƙofarka.

Cikin minti 20 zuwa 40 abin ke farawa, ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Bango ya riƙa numfashi, launi ya yi kaifi, minti guda ya zama kamar wuni. Masu bincike a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda aka bai wa sinadarin, suka ga sassan da ke haɗuwa su riƙe wa mutum tunanin kansa, wane ne shi, ina ya fito, sun sassauta. Sassan da ba su saba hulɗa ba kuma suna ta magana da juna. Shi ya sa wani ke jin ya narke cikin duniya, wani kuwa tsoro ya turnuƙe shi har ya zabura ya faɗa titi.

Maganin damuwar fa? Ana gwaji, gaskiya ne, har Ostareliya ta yarje wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa su ba da shi tun Yulin 2023. Amma can sinadari ne tacacce, a aune, ga ma'aikaci zaune gefen gado har abin ya saki mutum. Kuma duk wanda ke da taɓin hankali a danginsa na kusa, tun a bakin ƙofa ake mayar da shi, don abin na iya tada cutar da ke kwance.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne damana, lokacin da lemar kwaɗi ke tsirowa kusa da turken shanu da gindin itatuwa. Ido ba ya raba mai maye da mai kisa. Akwai masu cinye hanta: amai da zawo ba sa zuwa sai bayan awa 6 ko fiye, mutum ya ɗan ji sauƙi, alhali hantar na mutuwa.

In yaro ko babba ya ci, kar a jira alama, kar a tsaya ɗura masa nono ko rubutu. A kai shi likita nan take, a ƙunso ragowar abin da ya ci a takarda a taho da shi.