Me ke ɗauke hoton dish idan ana ruwa?

An daɗe ana cewa gajimare ne ke tare siginar tauraron ɗan Adam kamar labule, shi ya sa hoto ke ɗaukewa da damina. Zaton ba abin mamaki ba ne, tunda tare suke zuwa. Sai dai rawar gajimare kaɗan ce, ɗigon ruwan ne ke yin aikin.

Siginar dish tana zuwa ne a mitar kusan gigahaz 11 zuwa 12 (gigahaz ma'aunin mita ne, wato saurin kaɗawar sigina), kuma daga gigahaz 10 zuwa sama ruwa yana tsotse ta, yana kuma warwatsa ta. Ga inda abin ya fi burge ni: babban ɗigo ba mulmulalle ba ne. Yana faɗowa iska na danne shi ta ƙasa, sai ya baje, faɗinsa ya fi tsayinsa. Ita kuwa siginar iri biyu ake aikowa a kan mita ɗaya, wata na kaɗawa a kwance, wata a tsaye, kowace da tashoshinta. Ta kwancen ta fi cin karo da ruwa, don haka ta fi raunana. Idan iska ta karkatar da ɗigon, sai wani ɓangaren ta kwance ya zarce cikin ta tsaye, su gauraya, risiba ta kasa tantancewa.

Ku gwada da kanku. Ranar da gari ya lumshe ba ruwa, duba ma'aunin sigina a risiba, da wuya ya motsa sosai. Ana sheƙa ruwa ku sake dubawa, sannan ku kunna rediyon FM: yana nan garau, don mitarsa ƙasa take ƙwarai.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa su ma su gwada.